Siminti a Kan Kabarin Liese

Da almuru Hulda ta ɗauki bokitin ruwa ta nufi maƙabarta kamar kullum. Sai da ta yi nisa ta tuna babu sauran furen da za ta shayar. Ɗazu da la'asar ɗanta Waldemar ya malale kabarin ƙanwarsa Liese da siminti. Haka duk Jamusawan ƙauyen suka yi kafin su koma ƙasar kakanninsu: wanda ba zai dawo cire ciyawa ba, sai ya rufe nasa ruf. Saura Hulda da ɗanta kaɗai, su ma gobe jirginsu zai tashi.

Gidajen danginta duk Kirgizawa, 'yan asalin ƙasar, ne a ciki yanzu. Maƙwabciyarta Burul ta leƙo ta saman shinge.

"Yaya Hulda, siminti za ki shayar ko me?"

"Ƙafa ce ta saba, Burul."

Maƙabartar ta yi tsit, ko tsuntsu babu. Warin ɗanyen siminti ya cika mata hanci. Ta dire bokitin.

Ƙwas. Ƙwas.

Daga ƙasa ake ƙwanƙwasawa.

"Mama?"

Liese tana 'yar shekara shida ƙyanda ta ɗauke ta. Ga Hulda har ta yi furfura, amma muryar ba ta girma ba.

"Mama, yau ruwan bai iso ba. Wa ya rufe min sama?"

Wayyo Allah! Wace uwa ce za ta ji wannan ta gudu? Hulda ta zube ta hau tonon simintin da hannu. 'Yan yatsu masu sanyi suka kama wuyan hannunta.

"An ce tafiya za ki yi. Ki kwanta nan, akwai wuri."

Hannun Hulda ya nutse har gwiwa.

Har kafaɗa.

Ko ja da baya ba ta yi ba.

Sai ji ta yi an cafke ƙugunta. Burul ce, ta biyo sawu, tana salati tana fizga, har suka faɗi tare cikin ciyawa.

"Sake ni! Ƙishi take ji!"

Burul ta ɗauki bokitin. Ta zazzage ruwan cikin ramin da hannun ya bari. Ƙwanƙwasawar ta tsaya.

"Ki tafi, Yaya. Muddin ina numfashi, ba za ta kwana da ƙishi ba."

Hulda ta tafi. Burul kuwa ba ta taɓa fashi ba, har fure ya tsiro a ramin.

Bayan wasu shekaru Hulda ta bugo waya daga Jamus, ta yi ƙarfin hali ta tambaya: "Har yanzu tana nemana?"

Burul ta amsa:

"Tana magana, Yaya. Amma da yarenmu yanzu. Ni take kira uwa."

Hulda ta ce madalla, ta yi godiya. Daga ranar ba ta ƙara bugowa ba.