Tikitin Firintar Maiyama

Da hantsin Alhamis manajan wani ƙaramin banki a Jega ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. Wani ya kwafi sunaye da lambobin wayar masu ajiya, ya sayar wa 'yan damfara. Tun Laraba ake kiran manoman albasa na Aliero da sunan banki. Aka miƙa wa Sufeto Shafi'u Fagada aikin.

Sashen kwamfuta na bankin mutum uku ne a ɗaki ɗaya mai sanyi: Maccido, shugabansu, Hafizu, ma'aikacin kwantiragi, da Amatullah, wadda aka ɗauka wata huɗu da suka wuce.

Maccido ya juyo masa da fuskar kwamfuta.

"Ga shi, Yallaɓai. Talata, sha ɗaya na safe, reshen Maiyama. Da sunan Amatullah anka shiga, da lambar sirrinta."

"Wa ya san lambar bayan ita?"

"Babu. Doka ce a rubuce: wanda duk ya ba wani lambarshi, kora."

Sufeto ya keɓe Amatullah a ofishin manaja.

"Malama, ina kike ranar Talata?"

"Aliero, ina gyaran ATM."

"To wa kika ba lambarki?"

Ta kau da kai.

"In ba ki faɗa ba, kotu zan kai ki."

"In na faɗa, a kore ni." Ta dubi hannuwanta. "Ranar da na fara aiki Oga ya ce kowa na rubuta mai tashi, saboda ciwo ko haihuwa. Takardar na ƙarƙashin allon rubutun kwamfutarshi. Nan ba a ce ma Oga a'a. Kuma ba a faɗin sunan abokin aiki."

Sufeto ya koma ɗakin sanyi, ya ɗaga allon Maccido. Takardar na nan, manne da salatif. Sunaye biyu, lambobi biyu. Na Maccido babu.

"Hakanan na iske ana yi, Yallaɓai," in ji Maccido.

A Aliero maigadin banki ya tabbatar Amatullah tana gaban ATM ranar Talata tun safe har azahar, manoma na yi mata tsiya. Maccido kuwa yana taro da manaja ranar. Saura Hafizu.

"Ni ban leƙa Maiyama ba tun watan jiya," ya ce. "Talata ina gida, masassara."

Washegari Sufeto ya je Maiyama. Kyamarar reshen ta mutu tun bara. Littafin baƙi babu sunan kowa daga Jega.

"Su 'yan kwamfuta ba su sa hannu," in ji akawun reshen, wata dattijuwa mai suna A'i. "'Yan gida ne."

"Wa ya zo Talata?"

"Ranka shi daɗe, ni ban so a ce daga bakina ta fito. Su ke gyara muna komi. In sunka yi fushi da kai, sai ka yi wata kana jira."

Firintar da ke gefenta ta fara fitar da takarda. Sufeto ya dube ta.

"Wannan dai tana aiki."

"Sati uku tana kwance. Sai Talata Allah ya..." A'i ta kama bakinta.

Ya dawo Jega, ya tambayi Maccido yadda ake sanin wanda ya yi gyara.

"Tikiti. Kowane koke na da tikiti cikin kwamfuta. Wanda ya gyara shi ka rufewa da sunanshi. Da su ake duba wanda za a sabunta ma kwantiragi. Mu nan, aikin da ba tikiti, ba a yi shi ba."

"Buɗe min na firintar Maiyama."

An rufe shi Talata, sha ɗaya da minti ashirin. Daga kwamfutar da aka yi satar. Sunan Hafizu.

Hafizu ya daɗe yana kallon sunansa. Sannan ya yi 'yar dariya.

"Hajiya A'i ta tsare ni bakin ƙofa, wai firinta. Na gyara. Hannuna ne ya rufe tikitin, wallahi ban ko yi tunani ba. Shekara bakwai ina tara su, Yallaɓai. Kowane Disamba a ce baɗi za a tabbatar da ni. Sai anka kawo wagga, wata huɗu, da takardar dindindin."

"Shi ya sa ka ɗauki sunanta?"

"Nata ne a saman takardar."

Wani kofur ya sa masa ankwa, ya fita da shi. Babu wanda ya ɗaga kai daga kwamfutarsa.

A bakin ƙofa Sufeto ya tarar da Amatullah riƙe da farin ambulan.

"An wanke ki, Malama."

"An kore ni, Yallaɓai. Na ba wani lambata. Oga ne ya sa hannu."

Sufeto ya leƙa ɗakin sanyi. Maccido ya ɓanɓare tsohuwar takardar. Yana yanka sabon salatif.