Tukunyar Ƙarƙashin Kango

Rana ta riga ta faɗa bayan dutse, Fikriye tana sauke ganyen taba daga igiya, sai wani abu ya faɗo kan kwanon rumfa. Ya gangaro, ya dira a gabanta, ya yi ta juyi kafin ya kwanta. Sule ne na azurfa, da kan wani sarkin Rumawa a jikinsa.

Mijinta Nevzat ya fito yana share baki. A ƙauyukanmu na tsaunin Rodopi babu mai idonsa a kan tsoffin sulalla. Daga birnin Plovdiv dillalai ke hawowa su ajiye masa, ya karkata sule ga haske, ya ja hanci ya ce, "Wannan bugu ne, na asali, ya sha hannu kaɗan. Wancan kuwa zubi ne, kai wa wanda ya cuce ka." Akwai kuma abin da kowa ya sani amma ba a faɗa. A ɗakin baya yana zuba nasa na jabu, ya ɗura wa talotalo su haɗiye, ƙundunsu ya goge sabuntar, sannan ya binne sulallan a taki har su yi tsufa.

Ya ɗauki sulen. Bai nemi tabarau ba. Aikin hannunsa ne.

"Iska ce," in ji shi.

"Iskar garin nan ta fara jifa da azurfa ke nan," in ji Fikriye.

Daga ranar, kullum magariba sai an yi jifa. Babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya gudu. Suna shan miyar wake, kwano yana ƙara a kansu, kowa idonsa cikin akushinsa. Da safe Nevzat ya bi tsakar gida yana tsincewa.

'Yarsu ɗaya, Selviye, budurwa ce mai baki. Da can ƙofa ba ta rufuwa a hannunta sai da ƙara, uban ya faɗi ɗaya ta mayar da uku. Amma tun bazara ta yi laushi. Ita ke kawo masa kofi, ta jera masa takalma, ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Har a shagon shayi Nevzat yana cewa yarinya ta yi hankali.

"Ta daina faɗa da ni," Fikriye ta ce masa wata rana.

"To wannan ma ƙara ce kika kawo?"

Ta tashi ta koma kan ganyen tabarta.

Wata magariba sule ya faɗo kusa da Selviye. Ta sunkuya ta ɗauka, ta karkata shi ga sauran haske, ta ja hanci. Muryar da ta fito ta ubanta ce, har da ɗan tarinsa.

"Zubi ne. Ga layin haɗi a baki. Idon sarki a mace. Kai wa wanda ya cuce ka."

Washegari bayan la'asar aka kawo malamin ƙauyen, Hoja Mumun, tsoho mai ja da ƙafa. Ya zaunar da Selviye a kan tabarma, ya yi karatu a hankali, ya daɗe yana yi. Can kanta ya ɗago, wata murya mai kauri ta fito.

"Ya isa, Hoja. Ina ji."

"Wane ne kai?"

"Mai tukunyar da ke ƙarƙashin kango. Ka san al'ada, wanda ya ɗauki abu a ƙasa yakan bar wa mai wurin wani abu. Tambayi maigida me ya bar mini."

Nevzat ya kalli bango.

"Ya kwashe nawa, ya cika tukunyar banza da nasa, ya rufe," in ji muryar. "Ban ƙi aikin ba, talotalo sun yi ƙoƙari. Shi ne na ce bari in gwada nawa hannun in gani."

"Tun yaushe kake jikinta?"

"Ga mai ido nan, ya faɗa." Bakin yarinyar ya yi murmushi, murya ta koma siririya. "Sannu da aiki, Baba. In ƙaro suga?" Sai ta sake kauri. "Aikina ne ka yi ta yabo a shagon shayi. Duk wanda ya san sana'ar ya san jabu yakan fi kyau, don mai saye ake yinsa."

"Za a mayar maka da naka," in ji Hoja, "ka fita, ba kai ba gidan nan."

"Na yarda. Amma ga wani cinikin. Ya riƙe azurfar, ni in zauna. Jifa ta ƙare. Ga dukiya, ga 'ya mai ladabi. Me ka ce, maigida?"

Aka jira Nevzat. Hoja ya kalle shi. Fikriye ta kalle shi. A waje talotalo ya yi kuka, ya sake yi. Bakin Nevzat ya motsa, ba abin da ya fito.

Fikriye ta miƙe. Suka ji ta a ɗakin baya tana ɓamɓare katakon daɓe da gatari. Ta jawo wata tukunyar ƙasa cike da azurfa tana nishi, ta dire ta a gaban tabarma.

"Ɗauki tsiyarka. Ba ni 'yata."

Hannun yarinyar ya nutse cikin azurfar, ya daɗe yana shafawa. "Su ne. A kai kafin duhu." Ta yi atishawa sau ɗaya, ta zube gefe guda.

Hoja da Nevzat suka hau kango da tukunyar. Da Nevzat ya dawo ya tarar da Selviye zaune, ta fizge ɗankwalin kanta ta yar.

"Wa ya ɗaure ni haka kamar tsohuwa?" take cewa. Fikriye tana riƙe da ƙafarta, ba kuka, ba dariya.

Ya tsaya a bakin ƙofa. "Kin san inda kike?"

"Ban je ko'ina ba. Ina ciki, ina jin komai, baki ne ba ni da shi." Ta dube shi kai tsaye. "Na ji Hoja. Na ji Inna. Kai ne ban ji ba, Baba."

Nevzat ya cire takalmansa, ya riƙe su a hannu, ya rasa inda zai ajiye.