Gado Biyu, Labule Ɗaya

"Cire zoben alkawarin nan, Auta! Yanzu, a gabana!"

Muryar Baba ta cika barandar asibitin. Auta ta tsaya riƙe da tiren auduga, jinin yayanta bai ma bushe a farar rigarta ta aikin jinya ba.

"Baba, ka bari in ƙarasa ɗaure masa..."

"Wa? Yayanki, ko wanda ya fasa masa kai?"

Da rana aka kawo su, bayan magoya bayan jam'iyyu biyu sun yi arangama a bakin kasuwa. Yaya, mai riƙe tutar jam'iyyar Baba, an rotsa masa kai da dutse. Dogo, malamin makarantar da za ta aura, ɗan ɗaya jam'iyyar, hannunsa ya karye. Ƙarancin gado ya sa aka haɗa su ɗaki ɗaya, labule kawai a tsakani.

Shugaban matasan jam'iyyar Baba, wanda ta taɓa ƙin tayinsa, ya matso yana sassauta murya.

"Da idona na ga Dogo ya yi jifan, ranka ya daɗe. Yarana suna ƙofa, umarninka kawai suke jira."

Auta ta faɗa ɗakin, ta nufi gadon Dogo.

"Kai ne?"

Dogo ya ɗago a wahalce. "Haba zuciyata... har da ke?"

"Ka amsa min! Tun da aka fara kamfen nake kare ka a gidanmu. Ko gaisuwata Mama ta daina amsawa!"

"Wallahi ban jefi kowa ba. Amma ba zan yi miki ƙaryar na bar jam'iyyata don ki yarda da ni ba."

Ihu ya ƙaru a waje. Matasan ɓangarorin biyu sun cika ƙofar asibitin da sanduna.

"Auta... yaye labulen nan."

Yaya ne ya farfaɗo. Baba ya shigo da sauri.

"Dutsen daga ɓangarensu ya zo, Baba, gaskiya ne," ya faɗa da ƙyar. "Amma Dogo ne ya kwanta a kaina. Yana rungume da ni yaranmu suka karya shi."

Kafin Baba ya waiwaya, shugaban matasan ya sulale.

"Kawo keken marasa lafiya," Yaya ya ce wa Auta.

"Yaya, ba ka da ƙarfi!"

"Kawo, kafin a yi kisa da sunana."

Dogo ya tura keken da hannu ɗaya, Auta na gefe ɗauke da ledar ƙarin ruwa, har ƙofa.

"Mai jin haushi ya kai shi akwatin zaɓe!" in ji Yaya.

Dogo ya fuskanci nasa mutanen. "Ku ajiye sandunan. Ko wa ya ci, da waɗannan za mu ci gaba da zama."

Wasu suka watse. Wasu suka tofa yawu, suna kiransu maciya amana.

Da yamma likita ya ce idon Yaya na hagu ya tafi ke nan. Auta ta durƙushe a baranda tana kuka, ba ta ma ji zuwan Baba ba, sai muryarsa a bakin ɗakin.

"Kai, Dogo. Jam'iyyarku ba za ta taɓa ganin ƙuri'ata ba."

"Ba ƙuri'a nake nema a gidanka ba, Baba."

Baba ya juya zai tafi, idanunsa jawur.

"In hannun ya warke... ka turo manyanka."