Kar Ka Bar Ƙofar Nan

"Wa ya ce ka bar ƙofa?!"

Na fizge iyafis daga kunnena na wurga shi kan tebur, ya faɗa cikin tarin wayoyin mutane da aka kawo gyara.

"Da kai nake, Garkuwa! Wa ya ce ka bar ƙofa?"

Ya ɗago ya kalle ni da idanun nan nasa masu sa mutum ya manta a kan me ma ake faɗa. Yau kam ban manta ba.

"Kin faɗi a kan gada..." ya ce a hankali. "Na ga sun harbe ki."

"To sai me? Kaina farau?"

"Rabin raina..."

"Kar ka kuskura! A ɗakin nan ni Kyaftin ce, ba rabin ran kowa ba!"

Mu biyar ne a ƙungiyarmu, wasan yaƙi muke yi ta waya, ana haɗa mu da wasu biyar ta intanet. Kowane ɓangare yana da tuta a gidansa, wanda ya riga sace ta abokin gaba shi ya ci. Ni ke jan gaba ina ba da umarni. Tagwaye na biye da ni, Kunama maharbiya ce, daga kan hasumiya take aikinta. Shi kuwa Garkuwa aikinsa guda ɗaya tal: ya tsaya a ƙofar gidanmu ya tsare tuta. Idan an harbe mutum, abokin wasansa zai iya zuwa ya tsaya a kansa ya tashe shi kafin numfashinsa ya ƙare. Amma wannan ba aikin mai tsaron ƙofa ba ne, ko ɗan koyo ya san haka.

A ɗakin bayan shagonsa na gyaran waya muke taruwa, da yamma idan na tashi daga kantin maganin da nake aiki. Benci biyu ne da tebur, sai fanka mai kukan tsiya, da warin dalma da ba ya barin ɗakin. A nan muka saba, a nan ya fara cewa yana sona, yana riƙe da buɗaɗɗiyar wayar wani bawan Allah ya ma manta da ita a hannunsa.

A nan kuma yake ta jawo mana asara. Da na faɗi sai ya saki ƙofa ya sheƙo da gudu ya tashe ni, su kuma su shige su ɗauke tuta kamar an ajiye musu.

Kunama ta gyara zama tana duban farcenta.

"Ai ba laifinsa ba ne," ta ce. "Ƙungiya dai na buƙatar kyaftin ɗin da ba sai an yi ta ɗaga ta kamar jaririya ba."

"Maimaita."

"Kin ji ni sarai."

Babban tagwaye ya shiga tsakani. "Don Allah ku bari. Wasa ɗaya ya rage mana. In muka sake faɗuwa an fitar da mu daga gasar, shi ke nan wahalar shekara ta tashi a banza."

Na suri jakata na fice. Ban kai bakin titi ba na ji takunsa a bayana.

"Sahiba, tsaya mana..."

Na juyo kamar zan cinye shi.

"Zane ne fa a cikin waya! Zane! Ba ni ce ke mutuwa ba!"

"Na sani. Amma muryarki nake ji a kunnena. Da kin ce 'an same ni' sai hannuna ya tafi da kansa, wallahi ba na ma sanin na tashi."

Da wata ce da tuni ta narke. Ni sai raina ya ƙara ɓaci.

"Ka san abin da kake gaya wa mutane duk sanda ka zo cetona? Cewa kake ba ka yarda da hankalina ba. Ni ke kallon taswira. In na ce ka tsaya, na ga abin da ba ka gani ba ne."

"So ne fa..."

"Son da ba ya jin magana ba na so! Yau tuta ce. Gobe gidanmu ne, in ce maka bar ni zan iya, ka ture ni gefe ka ce so ne." Na nuna shi da yatsa. "Ka saurare ni da kyau. Ka sake barin ƙofar nan saboda ni, to maganar aurenmu ka bar ta a inda ka bar ƙofar."

Fuskarsa ta canza.

"Saboda wasa za ki rabu da ni?"

"Kai ka san ba wasan ba ne."

Ya juya ya koma shago. Ni kuma ban kira shi ba, duk da har na isa gida ina duba waya.

Washegari ina jera magunguna a kanta sai ga Ummansa. Dama wurinmu take sayen maganin hawan jini, kullum da fara'arta, har takan kira ni 'yata. Na gaishe ta da ladabi. Ta haɗe fuska. Ta ɗora wayarta a kan kanta ta danna.

Muryata ta cika kantin.

"Kai kurma ne?! Koma bakin aikinka, sakarai! Koma na ce!"

Abokiyar aikina ta sunkuyar da kai ta shige ciki. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

"Muryarki ce?" in ji Umma.

"Tawa ce, Umma. Amma cikin wasa ne..."

"Ni na haife shi, na yi goyonsa, ban taɓa ce masa sakarai ba. Tun ba a kawo ki ba kina yi masa tsawa a gaban abokansa, in an kawo ki sai duka ke nan?"

"Umma, don Allah ki bari in yi miki bayani..."

"Ba ni maganina."

Na ɗauko na miƙa mata.

"Ki nemi ɗan wata ki yi wa ihu," ta ce. "Nawa ba na ihu ba ne."

Ta tafi. Abu ɗaya kunnena ya kama a cikin muryar da ta kunna: wata 'yar siririyar dariya dab da wayar da ta naɗa. Na san dariyar nan kamar yunwar cikina.

Na kira Kunama, ta ƙi ɗauka. Kafin la'asar babban tagwaye ya kira ni yana huci.

"Kyaftin, ta fita daga ƙungiya! Ta koma wajen waɗanda za mu kara da su, sun ba ta kyaftin! Ashe ita ke bin ƙungiyoyi tana gaya musu sirrinmu, wai ku harbi Kyaftin a kan gada, ƙofa za ta buɗe da kanta!"

Na zauna a kan kwalin magani. Na so in ɗora mata laifin duka, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma na san inda namu bangon ya tsage.

"Tana komawa can aka rufe damar sa sabon ɗan wasa," ya ce. "Mu huɗu za mu shiga, su biyar. Ko mu janye?"

"Wanda ya janye ban yafe masa ba."

Ranar wasan na shiga ɗakin bayan shago na yi turus. Umma ce zaune a kan kujerar roba kusa da fanka, jakarta a kan cinya.

"Ya ce wai ban fahimta ba," ta ce, ba ta ko kalle ni ba. "Na zo in fahimta da idona."

Garkuwa na gefe yana goge fuskar wayarsa. Tun ranar da muka yi faɗa ba mu yi magana ba. Ya rame, kuma hakan ma haushi ya ba ni, don ni ma na rame.

Na yi tunanin in sassauta murya saboda Umma. Sai na ce a raina, in ta ƙi ni, ta ƙi ni yadda nake.

"Tagwaye, ku bi ta ƙarƙashin gada, ta cikin ruwa, kar ku harbi kowa sai kun isa gidansu. Ni zan hau gada ni kaɗai."

"Ke kaɗai? Kunama za ta ɗauke ki!"

"Shi nake so. Da na faɗi dukansu za su kwaso zuwa ƙofarmu, don an gaya musu babu kowa a wurin. Gidansu zai zama fayau."

Sai a lokacin na juya wajensa.

"Kai kuma... kar ka bar ƙofar nan."

Ya sa iyafis ɗinsa.

Aka busa ƙaho.

Na hau gada a fili, kamar mai zuwa kasuwa. Ban kai tsakiya ba harsashi ya same ni. Wayata ta yi ja, layin numfashina ya fara raguwa.

"An same ni," na ce.

A taswira na gan su, huɗu cur, sun tsallake ni sun nufi gidanmu a guje. Kunama na kan hasumiya tana jiran wanda zai zo tashina.

Na ɗaga kai na kalle shi ta ɗaya gefen tebur. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Na ja numfashi, na buɗe baki zan kurma ihun da zai raba ni da Umma har abada...

Bai motsa ba.

Ya dasa garkuwarsa a bakin ƙofa ya tsaya. Suka far masa su huɗu. Ya tare na farko, ya ture na biyu, jininsa na zuba a cikin wasan amma yana komawa daidai inda yake. Leɓensa ya cije har ya yi fari.

Ko sau ɗaya bai kalli gada ba.

Layin numfashina ya zama zare. Da gudu ɗaya zai iso, ya sha yi. Na kama kaina ina kallon hanyar da ya saba ɓullowa.

Wayata ta yi toka. Na mutu.

"Mun ɗauka! Kyaftin, tuta na hannunmu!" Tagwaye suka miƙe tsaye har benci ya kife. "Riƙe su, Garkuwa! Riƙe su!"

Ya riƙe su. Ƙaho ya sake kaɗawa, wayoyinmu suka cika da hasken nasara. Ta cikin iyafis na ji Kunama tana zagin mutanenta kafin a yanke layi.

Tagwaye na tsalle suna rungumar juna. Ni ina zaune a wurina. Garkuwa ya ajiye wayarsa a hankali, idanunsa sun kaɗa sun yi jawur.

"Ka bar ni na mutu," na ce.

"Ke kika ce..."

"Na san ni na ce!" Hawaye suka ɓalle min. "Ko waiwaye fa ba ka yi ba, mugu kawai!"

"Da na waiwaya da na taho." Ya goge idonsa. "Kar ki ƙara sa ni wannan aikin, rabin raina. Zan yi, amma kar ki ƙara."

"Sai na ƙara."

"Na sani."

Umma ta yi gyaran murya. Na share fuskata na miƙe, na shirya jin hukuncina.

Ta daɗe tana kallon ɗanta.

"Yaron nan," ta ce, "tun yana rarrafe ban taɓa cewa ya tsaya nan na dawo na same shi a wurin ba. Malamansa sun yi sun gaji. Babansa har ya koma ga Allah bai ci nasara ba."

Ta juyo gare ni.

"Sakaran dai ki daina, ba na so."

"Na daina, Umma. Ki yafe min."

"Sauran tsawar kuma ki riƙe abarki, za ki buƙace ta." Ta rataya jakarta. "Ki gaya wa mahaifinki muna nan tafe."

Ta fita. Tagwaye suka bi ta da gudu wai za su raka ta, munafukai.

Ya rage daga ni sai shi, da kifaffen benci a tsakaninmu.

"Har yanzu fushi kike?" ya tambaya.

"Sosai ma."

"Na me kuma yanzu?"

"Ban sani ba tukuna. Ka tsaya nan har in tuna."

Ya jawo kujera ya zauna.