Lahadi Ɗari Uku

"Kai ka fara kawo masa, Hidde! Kai!"

A wajen ajiye kekuna na asibitin da Baba yake kwance na faɗa masa haka. Bai musa ba, shi ne ma abin da ya ƙara min haushi.

"Femke, rabin raina, ban sani ba..."

"Mama ta ce kada ka ƙara taka mata gida."

Hidde, saurayina, a kantin magani yake aiki. Ranar da na fara kai shi gidanmu a garin Harlingen, shekara shida ke nan, Baba ya ci soyayyen kifi ya yi ta dafe ƙirji yana mitar ƙwannafi. Lahadin da ta zagayo sai ga gwanin neman gindin zama da furanni na Mama, da kwalin maganin ƙwannafi na Baba. Tun daga nan ya zame masa al'ada.

Sai aka janye maganin daga kasuwa, wai an gano wani abu a ciki mai iya jawo ciwon daji. Yanzu ga Baba kwance da ciwon dajin a cikinsa, saura wata bakwai aurenmu.

Likitoci sun ƙi cewa maganin ne, sun ƙi cewa ba shi ba ne. Lauyar da na samu ta ce ana iya neman diyya daga kamfanin, amma da yake ba likita ya rubuta ba, sai an sami mai shaida cewa Baba ya daɗe yana sha. Mutum ɗaya ne ya san wannan, ni kuwa sati biyu ban ɗaga wayarsa ba. Ina sonsa kamar raina, ina kuma jin kunyar son.

Ranar Laraba da rana muna ɗakin Baba aka ƙwanƙwasa. Hidde ne, ya rame, takardu a hannunsa.

Mama ta miƙe. "Me ya kawo ka?"

"Shaida ce, Mama. Na kai wa lauya, wannan naku ne. Na rubuta ni na ba shi, da hannuna, duk Lahadi. Na sa hannu."

"Mai kantinku ya sani?" na tambaya.

"Ya ce in yi tunani. Na yi."

Baba ya miƙa hannu. "Ba ni tabarau, Tjitske."

Mama ta ba shi tana harara. Ya daɗe yana karantawa, yana bin layi da yatsa.

"Lahadi ɗari uku da ɗoriya," ya ce. "Yaron nan bai tsallake ko ɗaya ba? Ke Femke, 'yar cikina, sau nawa kika ce ruwan sama ya hana ki zuwa?"

"Baba!"

"Wiebe, shi fa ya..." Mama ta fara, kuka ya ci ƙarfinta.

Baba ya ce, "Ni na ce ƙirjina na ci da wuta, shi kaɗai ya ji. Wanda ya haɗa abin shi za mu kai ƙara. Zo nan, ɗana."

Hidde ya durƙusa a gefen gadon, kafaɗunsa suna girgiza. Ban san lokacin da na riƙe hannunsa ba. Mama ta ja masa kujera, ba ta dube shi ba, amma ta ja.

"Shari'a za ta ɗauki shekaru, ko?" Baba ya tambaya.

"Haka lauya ta ce," na amsa.

"To ita ta jira. Auren ne ba zai jira ba. Ku dawo da shi wata mai zuwa... ina so in kai Femke wurin ɗaurin auren da ƙafata."