Kwalba Mai Lamba Goma Sha Huɗu

"Ta goma sha huɗu fa? Kin duba?"

Ko gaisuwa Likita bai yi mata ba. Ta ɗago kai daga injin gwaji ta kalle shi. Shekara biyu suna son juna, Mamanta kuma ta rantse ba za ta ba mai leƙa bakin mutane 'yarta ba.

"Tana layi," ta ce a daƙile.

Aikinta a asibitin haƙori shi ne auna yawun masu ciwon dasashi. Akwai sinadarin da jiki kan fitar don sabunta nama, in ya yi yawa sai ya koma cin dasashin, haƙora su fara girgiɗi. Bincike suke ko yawansa zai nuna ciwon tun da wuri. Kwalaben yawu sittin, ba suna sai lamba, amma ta goma sha huɗun ce tak Likita ke kawowa da hannunsa duk Talata.

Nas ɗinsa, wadda ta daɗe da sa masa ido, ita ta ƙara zuga ta.

"Ni dai ban ce komai ba... amma mai kwalbar nan ta ƙofar baya take shigowa. Har mota yake raka ta, riƙe da jakarta."

Da aka tashi ta tare Likita a matakala.

"Wace ce?"

"Sirrin mara lafiya ne, masoyiya."

"Sirrin har da riƙe mata jaka?"

"Na yi alkawari..."

"To ka riƙe alkawarinka, ni na sauke nawa."

Kwana shida tana kashe kiransa. Ranar Talata zuciya ta ci ta, ta tura ƙofarsa ba sallama, da maganganun da ta tanada a bakinta.

Takalmin ta fara ganewa.

Mama ce kwance a kujera, baki buɗe, auduga a kumatu.

"Mama...?"

Likita ya janye hannunsa. Mama ta tashi zaune, ta tofar, tana gyara mayafi.

"Ni na hana shi faɗa. Wata uku ina tofar da jini, haƙorana biyu na rawa. Kunya ta hana ni gaya miki, wurinsa kuma ban san da wane ido zan zo ba. Amma yaron nan ko a fuska bai taɓa nuna min ba."

Hawaye suka zubo mata. Ta tuna yadda Mama ke kare baki in za ta yi dariya, ita kuwa ba ta taɓa tambaya ba.

"Ka yi haƙuri," ta ce can ƙasa.

"Kin gama fushin?"

"Da saura. Wata uku tana ganinka fiye da ni."

Mama ta harare ta. "Ja'ira, har da uwarki? Kai kuma ƙarasa min aikina, sannan ka ce wa baffanninka ƙofa a buɗe take."