Sandar Awon Mai

Da hantsi aka kira Sufeto. Wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ya faɗi a gona, saura ƙiris ya kai filin sauka. Gawa biyu ce, matuƙin da wata budurwa. Sufeto ya sami katin makaranta a jakarta, ya karanta, ya jefa a aljihu. Mutum ne mai ajiye magana sai lokacin da za ta fi ciwo.

Ya zagaya tarkacen yana shinshinawa. Babu alamar wuta, babu warin mai. Tankunan fikafikan biyu a bushe ƙayau.

A rumfar jirage ya tsare makanike.

"Agogon man jirgin ya daɗe yana ƙarya, ranka ya daɗe," in ji makanike. "Marigayi sanda yake tsomawa a tanki, mai zane-zane, ya duba inda mai ya jiƙa."

"Yau ya tsoma?"

"A gabana. Ya ce ya ishe shi har da rara."

An samo sandar a ƙarƙashin kujerar matuƙi. Sufeto ya kankare gindinta da farce. Baƙin mai aka shafa, a ƙasansa kuwa sabon yanka ne fari sol. An datse kamar yatsu uku, don haka rabin tanki sai ya nuna kusan cike.

A gidan marigayin, Sufeto ya sami matarsa tana zaune a falo, ido ya kumbura.

"Wa ya sassaƙa sandar nan?"

"Yayansa. Shi ya koya masa tuƙi. Shekara guda ba sa magana, tunda maigidana ya kai rahoton idon Yaya ya raunana, aka karɓe masa lasisi."

"Yarinyar fa?"

"'Yar Yaya ce, ita kaɗai gare shi. Ya hana ta shiga jirgin, ta roƙi baffanta a ɓoye. Wa zai iya gaya masa?"

"Ni. Kada kowa ya riga ni."

Ya tarar da yayan, tsohon matuƙi, a ɗakin aikinsa na bayan gida, yana kurɓar shayi hankali kwance.

"Na ji labarin ƙanena. Ganganci ne, bai taɓa iya lissafin mai ba. Ni rabona da sandar nan shekara guda."

"Na ambaci sanda ne?"

Kofin ya tsaya a iska. Sufeto ya durƙusa, ya tona garin katakon da ke ƙarƙashin teburi, ya ɗauko wani guntun itace. Ya haɗa shi da gindin sandar, ya zauna daram.

Tsohon ya yi murmushi mai ɗaci. "To, ni ne. Na koya masa tashi, shi ya sauke ni ƙasa. Idona garau yake! Ban yi nadama ba."

"Ka san ba shi kaɗai ba ne a ciki?"

"Wanda ya bi shi, shi ya jiyo."

Sai a lokacin Sufeto ya miƙa masa katin. Tsohon ya kawo shi dab da hanci, ya nesanta shi, ya ƙanƙance ido, ya juya wajen taga.

"Ba ka gani ko?" in ji Sufeto. "Ashe ƙanenka gaskiya ya faɗa. Kawo in karanta maka."

Ya karanta sunan a hankali, har da sunan uban.

Ƙarar da tsohon ya saki ta sa wani kofur da ke bakin ƙofa ya kau da kai. Sufeto bai kau da nasa ba. Jan tsohon aka yi zuwa mota, hannu cikin ankwa, yana roƙon a sake karanta masa ko an yi kuskure.